Mako na 12: abin da sassarfa ta canza a tsokar ƙafata

'Yan'uwa masu koyon gudu, yau na cika mako 12 da fara fita bayan sallar asuba, daga Ƙofar Na'isa na miƙe titin Jami'ar Bayero zuwa Kabuga. A makon farko ban iya haɗa minti 5 ba tare da na tsaya ina haki ba, amma yanzu ina yin minti 40 a jere, har ina iya amsa gaisuwar masu shayi ba tare da numfashina ya sarƙe ba.

Da farko na ɗauka huhuna ne ya buɗe, sai da na zauna na yi karatu na gane cewa babban canjin a cikin tsoka yake. A cikin ƙwayoyin tsoka akwai wasu ƙananan sassa da ake kira maitokondiriya, waɗanda suke ƙona sukari da kitse da taimakon iskar oksijin domin samar da ATP, sinadarin da tsoka take kashewa duk lokacin da ta motsa. Ƙwayar gulukos guda, wato sukarin da yake cikin jini, tana bayar da ATP kusan 30 idan ta bi ta cikinsu, amma guda 2 kacal take bayarwa ta gajeriyar hanyar da ba ta buƙatar oksijin, wadda jiki yake dogara da ita idan mutum ya zura da ƙarfi fiye da kima. Wanda ya taɓa fiɗar tantabara da kaza ya ga wannan bambanci da idonsa: ƙirjin tantabara ja ne saboda tsokar doguwar tashi ce mai yawan maitokondiriya da jini, na kaza kuwa fari ne, shi ya sa ba ta wuce ta yi fiffika ta haye katanga ta sauka.

A shekarar 1967 wani masani a Amurka, John Holloszy, ya riƙa sa ɓeraye gudu a kan na'ura har suka kai awa 2 a rana, ya tarar sinadaran da maitokondiriyar ƙafafunsu suke ƙona abinci da su sun kusa ninkawa. Daga baya aka gano cewa raguwar makamashi da hauhawar kalsiyam a tsokar da take aiki suna tayar da wani furotin, PGC-1α, wanda yake ba da umarnin ƙera sababbin maitokondiriya. Tsokar da aka wahalar kaɗai ce take samun wannan ƙari, saboda haka gudu ba ya gina na hannu.

Kuskurena a makonni huɗu na farko shi ne gasa da matasan da suke wuce ni, ina ƙarewa cikin minti 10 a galabaice. Da na rage sauri na tsawaita lokaci, sannan na ware Asabar don hawan matakalar Dutsen Dala, sai abin ya fara zama. A ganina hawan ya fi duk wani gudun sauri amfani ga irina, ko da yake gwiwa tana biyan kuɗinsa wajen saukowa.

A mako na 8 zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni kwana 12, kuma da na dawo minti 20 ma da ƙyar na kai, domin abin da tsoka ta tara yana fara zubewa cikin 'yan makonni idan aka daina. Sai da na yi sati uku kafin na koma inda nake. Yanzu da ƙurar hunturu ta sauka na jinkirta fita zuwa ƙarfe 7, kuma burina na wata mai zuwa shi ne awa guda cur.