Gadon da ba a kwana a kansa

A shekarata ta farko a aikin fassara aka ba ni wata 'yar takarda mai shafi huɗu kan renon albasa, in mayar da ita Hausa saboda manoman rani. A layi na uku na ci karo da kalmar "seedbed". Tun ina aji uku a firamare na san "bed" gado ne, "seed" kuma iri, don haka na rubuta "gadon iri" na wuce, ban ko buɗe ƙamus ba. Kalmar da ke da wuya ita mai fassara ke tsayawa a kanta. Wadda ya sani tun yana yaro kuwa sai ya tsallake ta da gudu.

Kafin a buga takardar sai aka ce a je a karanta wa manoma a ji ko ta shiga. Muka tafi wata fadama a wajajen Kura, inda ake noman rani da ruwan madatsar Tiga. Na karanta, mutane suna saurare, har na iso inda aka ce a yi gadon iri mai faɗin mita 1. Wani dattijo ya ɗaga hannu.

"Malam, wane gadon? Na kwanciya ko na magada?"

Na ce, "Baba, wurin da ake yafa irin nake nufi, kafin a cire a dasa."

Ya ce, "To ai komi ke nan, ɗana. Wasu su ce fangali. Taso in nuna maka."

Ya kai ni bakin komayensa, ya tsuguna, ya miƙa hannu har tsakiyar ɗaya daga ciki. Ya ce shi ya sa ba a faɗaɗa shi da yawa, don mutum ya cire ciyawa ta kowane gefe ba tare da ya taka dashen ba. Abin da takardar ke nufi da mita 1 ke nan, amma ba ta faɗi dalili ba, ni ma da na fassara ta ban sani ba. A nan albasar za ta yi mako shida zuwa takwas kafin a kai ta gona. Na koma gida na goge "gadon iri" a duk inda ya fito, na kuma ƙara layi ɗaya na dalilin da dattijon ya ba ni.

Tambayarsa ta tsaya mini a rai, domin ba gatse ya yi ba. A baki, gadon kwanciya da gadon magada ba sa haɗuwa: na biyun ana jan gaɓarsa ta farko, murya kuma ta sauka a ƙarshe. A rubutun boko kuwa haruffa huɗu ne iri ɗaya. Kuma "gadon iri" a kunnen manomi ya fi kusa da irin da mutum ya gada wajen mahaifinsa, tunda wannan abu ne da ake yi, gadon kwanciya kuwa ba a taɓa shimfiɗa wa albasa shi ba.

Daga ranar na buɗe wa kalmar shafi a littafina, duk inda na gamu da ita sai in rubuta. A wata takardar tsafta an gargaɗi mutane kan shan ruwan "river bed", wato ƙasan kogi, inda ake tona ramuka cikin yashi idan ruwa ya janye da rani. Masu haƙar rijiyar burtsatse suna cewa sun kai "bedrock", dutsen da ƙasa ke zaune a kansa. Ma'aikatan jinya suna danna farce su duba "nail bed", naman da ke ƙarƙashinsa, su ga ko jini zai dawo da sauri. Bodin motar ɗaukar kaya ma, a Amurka "bed" suke ce masa. 'Yan jarida kuma idan sun gama shirya bugun gobe sukan ce sun kwantar da jarida, "put to bed", kuma asalin maganar daga shimfiɗaɗɗen wurin da ake ɗora haruffan ɗab'i ne a tsohon injin buga takardu.

Da shafin ya cika sai na ga zaren da ya ɗinke su. Bature ba katako da katifa yake gani a cikin kalmar ba, shimfiɗa yake gani, abin da ke ƙasa wanda wani abu ke kwanciya a kansa, ko mutum ne, ko ruwa, ko iri, ko farce. Kuma ba sabon abu ba ne. A tsohon Ingilishi, fiye da shekara 1,000 da suka wuce, "bedd" na nufin makwanci, yana kuma nufin fegin lambu. Jamusawa, da harshensu ɗan'uwan Ingilishi ne, sun raba kalmar gida biyu: "Bett" na barci, "Beet" na shuka. Hausa ta riga ta raba nata tun can, kowane mai sana'a da sunan da yake kiran abinsa. Mu ma mun miƙar da gado zuwa inda Bature bai kai shi ba: gadon sarauta, gadon baya. Wanda ya mayar da gadon baya Turanci kalma da kalma, babu mai gane shi a Ingila.

Har a ɗakin barci kalmomin biyu ba su cika dacewa ba. "Go to bed" kwanciya ce, ko a tabarma mutum yake kwana ko a buzu. "Make the bed" gyaran shimfiɗa ne, ba aikin kafinta ba. Na taɓa ganin littafin yara da aka rubuta "Je ka gado", na ji zafin abin, domin yaron da ke koyon karatu zai ɗauka haka ake rubuta Hausa, alhali mahaifiyarsa "je ka kwanta" take ce masa kullum.

Wuri ɗaya ne na ga harsunan biyu sun zo daidai ba gyara, shi ne asibiti. Idan aka ce asibiti mai gado 500, ba ƙarfe 500 ake ƙirgawa ba, yawan marasa lafiyar da za a iya kwantarwa a kula da su ake nufi, tare da ma'aikata da kayan aiki. Da wannan ma'auni Hukumar Lafiya ta Duniya ke kwatanta ƙasashe, gado nawa ga mutum 10,000. Bahaushe ya riga ya san wannan ma'anar. Idan ya ce "an ba shi gado", kowa ya gane ciwon ya yi nauyi, a fara shirin kai abinci da kwana a can. Na taɓa tsayawa da dare a ƙofar wani asibiti da ƙanen mahaifina a bayan mota, aka ce mana babu gado. Ina hango gadaje biyu babu kowa ta taga, na fara gardama, sai wata ma'aikaciya ta ce min, "Yallaɓai, ka yi haƙuri, ni kaɗai ce a ɗakin nan yau, kuma iskar shaƙa ta ƙare." Muka juya mota muka nufi wani asibitin.

Yanzu idan aka kawo mini aikin noma, kafin in miƙa shi sai na kira wani manomi na karanta masa ta waya. Na lafiya kuma wata ƙanwata mai aikin jinya nake karanta wa. A makon jiya ma ta gyara mini "bedsore", da na rubuta ciwon gado, ta ce su gyambon kwanciya suke faɗa wa masu jinya, sannan su nuna musu yadda za su riƙa juya mara lafiya duk bayan awa 2.