Hoton gidanmu ya miƙe bayan dare huɗu

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon gyaran hoto. Jiya wajen ƙarfe ɗaya na dare hoton da ya hana ni sukuni ya miƙe tsaf, kuma har yanzu daɗi bai sake ni ba.

Hoton Babbar Sallah ne. Muka dawo daga idi, aka jeru a ƙofar gidanmu na Tudun Wada, mu goma sha bakwai, Hajiya Kaka na zaune a kujera can gefen hagu. Layinmu matsattse ne, babu wurin ja da baya, don haka yaron maƙwabta da ya ɗauke mu ya ɗaga wayar sama domin benen ya shigo. Baba ya ce wannan yake so a wanke babba a rataya a falo. Da na buɗe shi a kwamfuta sai na ga gidan kamar zai kwanta.

Na ɗauka aikin minti biyar ne. A manhajar gyaran hoto ta GIMP 2.10 nake aiki, na danna Shift+M na buɗe kayan awo, na ja layin awo a jikin falwayar da ke gefen gida, na danna Straighten, maɓallin da ke juya hoto har layin ya miƙe. Falwaya ta tsaya cak. Na tura aka wanke, aka sa firam, naira 9,500 ta fita. Da muka rataya shi sai Kawu ya ce, "Ɗana, gidan yaushe ya fara zamewa?" Kunya ta kama ni, kuɗin kuma ya yi mini ciwo sosai. Washegari na fita na tsaya na kalli falwayar da idona. Ashe ita kanta a karkace take, tun wata iskar farkon damina ta jingina, mun saba ganinta ne kawai.

Na koma kan ainihin hoton na kama bangon hagu. Ya miƙe, na dama ya ƙara faɗawa ciki. Na kama na dama, na hagu ya tafi. Dare biyu ina juya hoton nan, digiri ɗaya, digiri biyu da rabi, in dawo. Na ja layukan jagora sun kai goma. Raina ya ɓaci har na rufe kwamfutar na fita tsakar gida na zauna.

Abin da ban gane ba shi ne karkata iri biyu ce ta haɗu a hoto ɗaya. Akwai jirkicewar hannun mai ɗauka, wadda juyawa ke gyarawa. Akwai kuma wadda ɗaga wayar sama ta jawo: duk layukan tsaye sai su riƙa tsukewa suna neman haɗuwa a sama, na hagu ya jingina dama, na dama ya jingina hagu. Wannan ko shekara za ka yi kana juyawa ba za ta tafi ba, domin bangon biyu ba wuri ɗaya suka nufa ba. Layin da ɗagawar ba ta taɓa shi ba shi ne wanda ya ratsa tsakiyar hoton. Shi kaɗai ne zai gaya maka gaskiyar jirkicewar hannu. Allah Ya taimake ni, gefen ƙofar ƙarfen gidan ya faɗo kusan tsakiya, kuma sai da na ari lebur wurin wani magini a layinmu na ɗora a jikinta na tabbatar a tsaye take. Awo ya ba ni digiri 3.

Daga nan na shiga Shift+P, wato Perspective, kayan gyaran irin wannan tsukewar layuka, na mayar da alkiblar zuwa Corrective. Duk wanda bai gwada wannan ba ya gwada. Maimakon ka ja hoton kana canki-canka, ragar layukan da ke fitowa a kan hoton kake ja ka ɗora layukanta a kan bangon yadda yake a karkace, hagu da dama, sannan ka bar manhajar ta miƙar da su. Da na danna, gidan ya tashi tsaye kamar yadda na san shi tun ina yaro. Sai da na yi kabbara.

Murnar ba ta daɗe ba, mutanen duk sun yi gajarta sun yi faɗi. Buɗe saman da aka yi ya ɓata ma'aunin tsawo da faɗi. Abin da ya fishe ni babur ɗin ƙanena ne da ke jingine a bango, gefensa na kallon kamara. Taya ai zagaye take, a hoton kuwa ta zama kamar ƙwai a kwance. A wurin canza girman hoto na cire alamar sarƙar da ke haɗa tsawo da faɗi, na riƙa ƙara tsawo kaɗan-kaɗan ina auna tayar ta tsaye da ta kwance har suka zo ɗaya. Fuskoki suka dawo daidai.

Yankan gefe shi ne ya fi sosa mini rai. Hoton 4000 ne da 3000. Juyawar digiri 3 kaɗai, idan kana son siffar ta zauna yadda take, tana mayar da shi kimanin 3744 da 2808, wato wajen kashi 12 cikin 100 ya tafi tun kafin a zo gyara na biyu. Da na bar manhajar ta yanke da kanta sai ta cinye kafaɗar Hajiya Kaka da rabin kujerarta. Wannan kam ba zan yarda ba, don ita aka yi hoton. Na mayar da yankan zuwa Adjust, wanda ba ya yanke komai, na yanke da hannuna, na sadaukar da saman bene da tankin ruwa. Wani ɗan siririn lungu da ya rage babu komai a ƙasan hagu na cike shi da kwafin ƙasar da ke kusa. Jar ƙasa ce, ba ta da wuyar sajewa.

Wani abu kuma, juyawar da na yi ta yi a kan juyawa ta sa hoton ya dushe, zanen hular Baba ya narke. Da na gane lissafin sai na sake buɗe na asali, na yi juyi ɗaya, gyaran bango ɗaya, jan tsawo ɗaya, duk da zaɓin NoHalo mai rage dushewar hoto, na ajiye a XCF, tsarin fayil na GIMP, ban fitar da JPEG ba sai a ƙarshe. Aikin zaren hular ya fito fes.

Saura abu ɗaya da ke damuna. Katangar ƙasa ta ɗan yi ciki kamar baka, ina zargin idon kamarar mai faɗi ne. Na taɓa Lens Distortion, mai gyara lanƙwasar da idon kamara ke jawowa, katangar ta gyaru amma fuskar Kawu da ke gefen dama ta ja, sai na fasa. Wanda ya taɓa fama da wannan ya gaya mini ko kafin juyawa ya kamata in yi shi. Ranar Asabar zan fara wanke ƙarami in kai wa Baba ya gani, firam ɗin farko kuma shi zan sake amfani da shi.