Sai daren jiya "rudimentary" ta zauna mini

'Yan uwa masu fama da Turanci, barkanmu da ƙoƙari. Sati uku ke nan ina kokawa da kalma ɗaya tak.

A ajinmu na yamma abin ya faru. Malama ta warware mana wani darasi da ya daɗe yana ɗaure mini kai, murna ta kama ni, na ɗaga hannu na ce mata "your explanation is very rudimentary". Ni a zatona yabo nake yi, wai bayanin ya yi sauƙi. Ta zare tabarau ta dube ni, ta ce, "To, Allah ya haɗa ka da wadda ta fi ni." Aji ya yi tsit. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ƙamus ɗin wayata ne ya ja mini, "basic" kawai ya ba ni ya yi gum. Dole na sayi babba na hannu, naira 9,000, har yanzu kuɗin nan na yi mini ciwo.

Ashe asalinta Latin ne, "rudis", ɗanyen abu da ba a sarrafa ba, kamar icen da masassaƙi bai taɓa ba. "Rude" ma can ta samo asali, kun ga ashe ban yi nisa da rashin kunya ba! In ka ce "basic", harsashi kake nufi, abin da ake ɗora sauran a kai, kuma ba dole ya zama aibu ba. Ita kuwa "rudimentary" gini ce da ya tsaya a linta, ba rufi ba ƙyaure. An fara, ba a kai ba. Darwin ma, masanin kimiyyar halittu, da ita ya kira gaɓoɓin da ba su gama girma ba a littafinsa na 1859, irin fikafikan tsuntsun da ba ya tashi. Wannan na jefa wa baiwar Allah a gaban ɗalibanta.

Inda take daɗi shi ne in ka ɗora wa kanka. Jiya na rubuta "my French is rudimentary", kuma gaskiya ce, don a kasuwar Maraɗi gaisuwa da ƙirga kuɗi kawai na iya. Malama ta duba, ta yi murmushi, ba ta taɓa jan biro ba.

Furucin ne ya rage. Nauyin yana kan "men", ni kuwa harshena sai ya danna "ru" tamkar mai kiran Rufa'i.