Bahon Baba da mitar gidanmu

Yayana da ke Abuja ne ya turo shi a bayan a-kori-kura, na gwanjo, saboda gwiwoyin Baba. Baho ne irin na Turawa mai hita a jikinsa, mutum huɗu za su zauna ciki, yana cin ruwa wajen lita 1,500. Muka girka shi a bayan gida nan unguwar Rayfield a Jos daidai shigowar hunturu. Wanda ya taɓa kwana Jos a Disamba ba sai an yi masa bayani ba, ruwan randa da asuba kamar ƙanƙara. Ranar da Baba ya fara shiga, ya fito yana ta sa wa Yaya albarka. Ni kuwa mai sayen katin mita, sati biyu kacal na ga yunit na zurarewa.

Sai na zauna da biro. Ɗaga zafin lita 1,500 daga digiri 18 zuwa 38 yana cin kusan yunit 35. Muna layin Band A, wato na waɗanda aka yi wa alkawarin wuta awa 20 a rana, wanda hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta kai naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024 kafin a ɗan rage, har yanzu dai sama da 200 ne. Dumamawar farko ke nan ta haura naira 7,000. Wannan ban damu ba, sau ɗaya ne. Abin da ke cin kuɗin shi ne riƙe zafin dare da rana alhali babu kowa ciki.

A jihar Kalifoniya ta Amurka, a kan wannan daidai suka sa doka. Tun 2019 ba a sayar da sabon baho irin wannan sai wutar da yake sha yana zaune a rufe ba ta wuce wani ma'auni ba, gwargwadon girmansa, kuma dole a manna masa takardar shaida. Na girman namu iyakarsa wajen wat 240 ne, kusan yunit 6 a rana. Ko a hakan, wata guda ya kai naira 35,000. Namu kuwa babu wata takarda a jikinsa, kuma mita ta nuna ya zarce haka nesa ba kusa ba.

Murfin ne ashe. Sai mu biyu muke iya ɗaga shi, na zaci ingancinsa ke nan. Ashe soson cikinsa ne ya sha ruwa ya ƙoshi, kuma jiƙaƙƙen soso ba ya tare zafi. Da daddare na haska tocila, ga tururi na fita ta tsagar tsakiya. Na kira mai gyaran kujeru ya sa sabon soso mai tauri, ya naɗe shi da leda mai kauri, ya toshe tsagar. Muka ja katangar langa-langa ta ɓangaren da iska ke bugowa, na kuma hana yara kunna injin kumfa, domin iskar waje mai sanyi yake hurawa cikin ruwan.

Na ce wa Baba za mu tsayar da zafin a 38. Ya ce, "Kai ɗan nan, rowar wuta za ka yi mini?" Na ce, "Allah ya ba ka haƙuri Baba, ko masu ƙera shi ba su yarda a wuce 40 ba, balle ga mai hawan jini." Ya yi shiru, ya ce to.

Yanzu katin da ke ƙarewa a kwana goma yana kai mu sati biyu da 'yan kwanaki. Baba na shiga bayan La'asar, minti goma sha biyar, kuma da kansa yake ƙwala wa Sadiƙu kira ya zo ya mayar da murfi kafin ya gama tsane jiki.