Abin da kullen korona ya nuna min

Da korona ta rufe makarantu a 2020, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta ce ɗalibai sama da biliyan 1.5 ne suka zauna a gida. Yarana na cikinsu. Intanet ta gagare mu, rediyo ce ta riƙe mana darasi, kuma har yau ina ganin ba a yaba wa malaman nan yadda ya kamata ba.

Rigakafin da ake cewa an yi cikin gaggawa kuwa, shekaru masaniyar kimiyya Katalin Karikó ta kwashe tana binciken mRNA, sinadarin da aka yi wasu alluran rigakafin korona da shi, ana hana ta kuɗin aiki, har aka rage mata matsayi a 1995. Sai a 2023 ita da abokin bincikenta Drew Weissman suka karɓi kyautar Nobel kan wannan binciken.

Mawaƙa ma sun yi nasu. A gidana dai, waƙar wanke hannu ta fi sanarwar hukuma shiga kunnen yara.