Abin da na koya a hannun wani likitan dabbobi na karkarar Maradi

Likitan dabbobin da na yi aiki a ƙarƙashinsa a arewacin jihar Maradi, Allah Ya jiƙansa, ya fara aiki gab da farin 1973, kuma yana cikin waɗanda suka bi rugage lokacin da cutar bushiya, annobar shanu, ta sake ɓarkewa a Afirka ta Yamma a farkon shekarun 1980, bayan an ɗauka gangamin allurar da aka soma a 1962 ya riga ya kashe ta. Allah Ya ja kwanansa har ya ji sanarwar 2011 cewa an kawar da wannan cuta daga duniya baki ɗaya. Sai dai duk lokacin da aka tayar da zancen, abin da yake nanatawa shi ne dalilin dawowarta: an saki jiki, an daina bin 'yan maruƙan da aka haifa bayan gangami, cutar kuwa ta laɓe a garkunan da ba a kai gare su ba.

Daga nan darasinsa mafi girma ya fito, wato allura ba ta da amfani sai makiyayi ya yarda ya kawo dabbarsa. Tun zamanin jangali, Fulani da Buzaye suna ɗaukar ma'aikacin gwamnati mai takarda a hannu a matsayin mai ƙidaya, saboda haka sukan kawo rabin garke wurin allura su ɓoye sauran a daji. Shi ya sa ya hana mu ƙirga shanun mutum da murya a gabansa. Idan muka isa ruga a ƙasar Dakoro ko Bermo, sai mu fara sauka wurin arɗo, a gaisa, a tambayi ruwa da ciyawa, a sha nono, kafin a buɗe akwati. A ganin matashi mai ɗokin aiki wannan ɓata lokaci ne, amma na ga garkunan da aka ɓoye wa wasu ana koro su gabansa ba tare da ya roƙa ba.

Yana kuma sauraron makiyayi kamar abokin aiki. Mutumin da ya kwana da saniya tun tana maraƙa ya fi kowa sanin ranar da ta rage tuƙa, da rijiyar da ta sha, da garken da ta haɗu da shi a burtali. Likita yakan bar shi ya gama bayani, ya faɗi ko yana zaton ciwon huhu ne ko sammore ko ciwon hanta, sannan ya duba ido da dasashi, ya auna zafin jiki. Inda ya ga kuskure yakan gyara a keɓe, don kada ya kunyata dattijo a gaban 'ya'yansa.

Wurare biyu ne ba ya sassauci, na farko shi ne sanyin magani. Allurar rigakafin annobar awaki da tumaki tana mutuwa idan zafi ya taɓa ta, kuma da zarar an haɗa ta da ruwanta, sa'o'i kaɗan take da su. A bazara, lokacin da zafin Maradi yake wuce digiri 40, idan ƙanƙara ta narke a hanya yakan zubar da abin da ya rage, mu koma gari. Hujjarsa ita ce, matacciyar allura ta fi rashin allura ɓarna, domin akuyar da aka yi wa ita za ta mutu, mai ita kuma zai gaya wa ƙauye duka cewa maganin likita ƙarya ne. Haka yake a kan ciwon saifa: dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini baƙi marar daskarewa yana fita ta hanci, ba a feɗe ta, ba a cin namanta, sai a binne ta da zurfi, saboda ƙwayar cutar tana iya shekaru da dama a cikin ƙasa. Hana talaka naman saniyarsa abu ne mai ciwo, kuma ya sha baƙin jini a kan haka.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda ya ɗauki jar akuyar Maradi da muhimmanci. Ma'aikata da yawa hankalinsu yana kan masu manyan garkuna, alhali a ƙauyukan Mayahi da Tasawa da Gidan Rumji akuya dukiyar mata ce, da ita ake sayen hatsi idan rumbu ya ƙare, da ita ake haɗa kayan ɗaki da biyan kuɗin asibiti. Yakan tsaya a ƙofar gida ya yi sallama, ya ce wa tsohuwa, "Inna, a fito mana da su mu gani," ya koya mata ba da maganin tsutsa a farkon damina da ƙarshenta, ya kuma gargaɗe ta a kan magungunan da ake shanyawa a rana a kasuwa, waɗanda ba a san asalinsu ba.

Bai tara dukiya ba. Abin da ya bari shi ne samarin ƙauye da ya horar su zama mataimakan likita, masu iya allura da dandaƙa da gane cutar da ta fi ƙarfinsu su kira babba. Yanzu da duniya ta sa 2030 a matsayin wa'adin kawar da annobar awaki da tumaki, irin waɗannan samari ne suke ɗaure akwatin ƙanƙara a bayan babur suna bin rijiyoyin da makiyaya suke shayarwa kafin su gangara kudu da rani.