Hawan Kibo ya ci mini taurari biyu

Sai wajen ƙarfe tara motar Jos ta cika a tashar Nyanya. Sharon ce, aka cusa ni a baya kusa da wani dattijo mai zuwa Bukuru. Ɗaurin auren wani abokinmu zan je, wanda a wasan waya na Clash of Clans muka san juna, kuma ranar ta faɗo daidai da ranar yaƙin ƙungiyarmu ta cikin wasan.

Muna wuce cunkoson Mararaba na buɗe wasan. Kamfanin Supercell na ƙasar Finlan ne ya fitar da shi a 2012, ya iso wayoyin Android a 2013. Gari za ka gina, ka zagaye shi da ganuwa, ka tara zinariya da tsimi, sannan ka fita farmaki da ƙattai, maharba, matsafa da dodanni masu aman wuta. Minti uku kacal ake ba ka. Rusa rabin gari tauraro ɗaya ne, rusa fada wani, share komai na uku.

Daɗin wasan shi ne mayaƙin da ka sauke ba ya sake jin maganarka, kowa halinsa yake bi. Ƙato kan makaman tsaro yake dosa, ɗan bam ganuwa yake nema, koren ɓarawon nan kuma rumbu kawai ya sani. Saboda haka tun kafin a saki mutum na farko ake cin yaƙi ko a faɗi: ta wace kusurwa za a shiga, wa zai tare wuta, wa zai bi bayansa. Tun Keffi nake nazarin garin abokan gaba, har muka tsaya Akwanga aka sayi ayaba da gyaɗa ban gama ba.

Dattijon ya daɗe yana leƙen wayata. Can ya ce, "Yaro, garin nan naka ina gonakinsa?"

Na ce, "Baba, babu gona, sai ma'adinai da barikin soja."

"To in kun gaji da faɗa, wa ke shiga tsakani?"

Ban da amsa, don wasan bai san sulhu ba. Ba ka ƙulla amana da garin maƙwabta, ba ka biyan haraji a ƙyale ka. Ko daulolin ƙasar Hausa da suka sha gwabzawa, Kano da Katsina da Zazzau, sun yi fatauci a tsakaninsu. Da za a ƙara wannan, da dabarar ta fi haka zurfi.

Lokacin yaƙi na ƙurewa, sai na kai farmakin muna gindin Hawan Kibo. Direba ya sa giya ɗaya, tireloli na nishi a gabanmu, iska ta fara sanyi. Na sauke ƙattai, ina shirin sakin matsafa, sabis ya ɗauke. Bai dawo ba sai kusa da duwatsun Riyom. Farmaki ya ƙirgu, tauraro ɗaya, rabin runduna ko ƙasa ba ta taka ba.

Bayan isha'i muka haɗu wurin mai shayi a titin Bauchi, kowa cikin rigar sanyi, ana ta yi mini tsiya. Daga nan hira ta koma kan abin da ke buƙatar gyara. Wani ya ce a ba wanda sabis ya yanke wa damar komawa fage kafin minti ukun su cika. Wani ɗalibi ya yi ƙorafin gini, wanda in ka yi nisa sai ka jira kwanaki, ko ka sayi duwatsu masu daraja na wasan, masu rage jiran, da kuɗi, ga dala ta yi tsada. Ya dai yaba cire jiran horar da mayaƙa da aka yi a 2025. Ni kuma na ce a sa Hausa cikin harsunan wasan, don ƙannenmu da yawa hoto kawai suke bi.

Ango, wanda shi ne shugaban ƙungiya, ya ajiye kofinsa ya yanke hukunci: daga yau duk wanda zai hau hanya ranar yaƙi ya kashe alamar shiga yaƙi tun daga gida. Ya kuma tambaye ni ranar komawata Abuja, don ya cire sunana da hannunsa.